Titin nan na wane ne, mai mota ko mai keke?

Malamin Yalwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata bakwai ke nan da na jingine babur ɗina, na shiga ɗakin shirgi na jawo tsohon keken mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Kada wani ya yaba mini, ba son motsa jini ne ya kai ni ba, mai ne ya koro ni. Kun dai san tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haye 1,000. Albashin malamin makaranta kuwa tafiyar hawainiya yake yi.

Abin da na gano shi ne garin Bauchi bai kai girman da babur ya sa muke ganinsa ba. Daga Yalwa zuwa Wunti, in hanya ta cushe, sau da yawa ina riga mai Napep isa. Ciwon gwiwa tun a mako na uku ya bar ni. Faɗuwar gaba ce ba ta bar ni ba. Tirela na hagunka tana huci, lambatu na damanka baki buɗe, tsakaninsu kuma yashin da ruwan sama ya tara a bakin kwalta. Ranar Talatar da ta wuce wani mai mota ya matse ni har sai da na dira da ƙafa ɗaya cikin kwata. Da na ɗaga masa hannu sai ya sauke gilashi ya ce, "Kai da keke ma har kana da bakin magana?"

Ga tambayata. Ana ta maganar sake gina hanyar Akwanga zuwa Jos zuwa Bauchi zuwa Gombe da kuɗin tarayya. Me zai hana gwamnatin tarayya ta mai da shi ƙa'ida, duk titin da za ta yi, in ya shigo cikin gari, a ware wa mai keke nasa gefen? Ko dai ni kaɗai ne nake wannan mafarkin?

Alhajin Muda Lawal:
Wa alaikumus salam Malam. Sannu da arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Amma don Allah mu gaya wa kanmu gaskiya. Duniya na zancen mota mai lantarki da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, mu kuma a ce gwamnati ta zauna ta tsara mana komawa keke? Wannan ai ci gaban mai haƙan rijiya ne. Ni buhunan shinkafa nake lodi zuwa Ningi da Darazo, a kariyar keke zan ɗaura su? A gyara mana hanya, a sauko da kuɗin mai, kowa ya hau abin da Allah Ya hore masa.

Malamin Yalwa:
Alhaji, buhunanka su bi mota, don su aka yi ta. Ina maganar yaron shagonka ne da ke tahowa daga Fadamar Mada kullum ba ya ɗauke da komai sai wayarsa. A ce 500 zuwa, 500 dawowa. Kwana 22 na aiki, 22,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shi kuwa na tabbata bai kai can ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ma'aikaci ke samu ya tafi a zuwa wurin neman.

Baba Mai Ritaya:
Ku bari tsoho ya sa baki. Alhaji, ka ce komawa baya, to ni na ga bayan da idona. Lokacin da na kama aiki, bashin keke ake ba ma'aikaci, ana cira a albashi kaɗan-kaɗan. Malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, duba-gari, duk a keke suke yawon aiki. Har lasin ake yanka wa keke a En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, a maƙala masa 'yar lamba, wanda bai yanka ba ɗan doka ya tare shi. Wato hukuma ta san da zaman keke, tana lissafa shi cikin abin hawa. A lokacin kamfanin kekuna na Raleigh yana da masana'anta a Kano. Saurayin da ya sayi sabon Rali ya sa masa madubi biyu da ƙararrawa, ranar nan 'yan matan unguwa sai sun san an yi sayayya.

Me ya kashe wannan? Keken bai lalace ba. Kuɗin man fetur ne suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, aka buɗe Peugeot a Kaduna a 1975, mu nan Bauchi aka kawo mana kamfanin haɗa motoci na Steyr. Bashin keke ya zama bashin babur, ya zama bashin mota. Shi kuma man fetur, gwamnati ta danne farashinsa shekara da shekaru, wanda ya fi kowa shan mai shi ya fi kowa cin tallafi. Don haka in wani ya ce a bar kowa ya hau abin da yake so, ni dariya nake yi. Ba a taɓa barin kowa ba. Hannun hukuma ne ya sauke mu daga sirdi, da gangan, da kuɗin baitulmali.

Sarkin Tsokana:
Baba, an taɓa gwada mai da mu sirdin fa. Kun manta Ojo Maduekwe, ministan sufuri na zamanin Obasanjo? A 2001 ya fito ya ce 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja. Bas ta ture shi ya faɗa rami. Minista sukutum! To ina ga Malam da ba shi da kowa sai jakar alli?

Injiniya Ɗan Gombe:
Sarkin Tsokana, wasa kake yi amma ka ɗauko hujjar Malam ka miƙa masa. Ministan ya ce a hau keke, bai gina wa keken wurin bi ba. Wa'azi kuwa ba ya tare bas. Har yau haka ake yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, za ka ga jami'an kiyaye haɗurra sun fito a kekuna an zaga gari da mota mai jiniya a gaba, an ɗauki hoto. Washegari titi ya koma hannun masu shi.

Bari in nuna muku inda gizo ke saƙa, tunda sana'ata ce. Titunanmu kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Na tarayya su ne kaɗan, wajen kilomita 35,000 cikin kusan 200,000 da ƙasar ke da su, amma su ne ke ɗauke da tireloli da tankoki. Da can bayan gari suke bi. Yanzu gari ya haɗiye su. Hanyar Jos, hanyar Kano ta Ningi, hanyar Gombe, duk yau akwai makarantu da masallatai da kasuwanni a bakinsu, amma zanensu na daji ne.

Injiniya ba ya zana titi da ka. Akwai kundin ƙa'idar aikin hanya na ma'aikatar ayyuka ta tarayya, shi muke bi, jihohi ma shi suke kwafa. Tambayar da ke gaban mai zane ita ce mota nawa za su bi, da wane gudu. In aka rubuta a kundin nan cewa duk inda titi ya shiga gari dole a bar mita biyu kowane gefe don keke, a raba shi da mota da dakalin siminti, to ɗan kwangila ba zai ga kuɗinsa ba sai ya yi. Ba sai an kafa sabuwar hukuma da sabon shugaba da sababbin motocin ofis ba. Shafi biyu ne a littafi, da layi ɗaya a takardar kwangila.

Ku lura na ce dakali. Farin fenti a titinmu ado ne.

Alhajin Muda Lawal:
Injiniya, da wane kuɗin? Hanyar da ke akwai ma ramuka sun cinye ta, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, na cikewa damina na buɗewa. Sai a ƙara wani nauyi?

Injiniya Ɗan Gombe:
Alhaji, tambayarka a kan hanya take, amma amsar za ta ba ka mamaki. Abin da ke cin kuɗin titi ba faɗinsa ba ne kawai, kaurinsa ne. Nauyin da ke kan gindin taya shi ke fasa kwalta, kuma ɓarnar ba daidai da nauyin take hawa ba. Tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 aka gano in nauyin ya ninka sau biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau 16. Shi ya sa tirela ɗaya da ta yi lodin siminti daga Ashaka ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Keke kuwa ko a lissafi ba ya shiga. Gefen keke ba ya buƙatar tulin dutse da kwalta mai kauri, kuma in an yi shi da magudanar ruwa mai kyau zai daɗe bai nemi gyara ba. In ana cikin aikin hanya aka haɗa shi, ɗan ƙari ne. In sai an gama aka dawo a fasa, nan ne yake tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa maganar Malam ta zo a kan gaɓa, tun ana matakin zane.

Sannan wurin da mota ɗaya za ta yi fakin, kekuna goma za su tsaya. Ka ƙirga motocin da ke toshe ƙofar kasuwarku da hantsi, ka ƙirga mutanen da suka zo da su.

Alhajin Muda Lawal:
To na ji. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san mutanena. Ranar da aka buɗe wannan gefen naka, kafin azahar mai lemo ya kafa teburi, mai kayan miya ya baza buhu, mai Napep ya mai da shi tasha, mai gini ya juye tifar yashi. Wurin tafiyar ƙasa da ake yi a wasu titunan ina yake yanzu? Mai keke zai sake dawowa tsakiyar titi, kuɗi kuma sun tafi.

Injiniya Ɗan Gombe:
Nan kam ka kama ni, ba zan yi musu ba. Mu ma a Gombe haka muke gani, a yi wa masu tafiya a ƙasa dandamali, cikin wata guda ya zama kanti. Amma laifin ba na mai lemo kaɗai ba ne. Mai zane ne ya yi kamar babu mai lemo a duniya. In ka san titi zai bi ta bakin kasuwa, ka zana wa masu tireda nasu layin a bayan na keke, ka yi wa Napep wurin sauke fasinja. Wanda aka ba wuri ana iya cewa ya matsa. Wanda ba a ba komai ba, kora kawai ake yi, gobe ya dawo.

Ɗan Acaɓa Na Gidan Mai:
Ni dai ina karantawa ina jin kamar tukunyata ake shirin kifewa. Malam, in kowa ya hau keke ni wa zan ɗauka? 'Ya'ya huɗu gare ni. An hana mu a 2020, an ce mu koma Napep, wanda bai samu ba ya yi ta ɓuya. Yanzu kuma keke. Kuma in faɗa muku gaskiya tun yanzu, in aka yi wannan gefen kuma titi ya cushe, wallahi ta nan za mu bi.

Malamin Yalwa:
Ƙanina, Allah Ya raya yaran. Ba na son tukunyar kowa ta kife. Amma ka duba, fasinjan da ka rasa ba keke ne ya ƙwace maka shi ba. Ka fita da sassafe hanyar Dass ka ga masu takawa a ƙasa zuwa cikin gari, mutanen da a da kai ke ɗaukarsu. Sun riga sun bar ka, kuɗin ne babu. Mai jego da tsoho da mara lafiya da mai sauri ba za su daina nemanka ba. Kuma ɗanka na fari in ya shiga sakandare, da me zai riƙa zuwa?

Ɗan Acaɓa Na Gidan Mai:
Ni zan kai shi. Amma na gane inda ka dosa. Kai shi ɗin ma mai ne.

Ɗan Bauchi a Holan:
Salamu alaikum, ina gaida iyayena da yayyena. Ina karatu a nan Holan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne da na ji su ma ba haka suka tashi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu sun bi mota kamar kowa, sun rushe gidaje don faɗaɗa titi. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga rikicin mai na 1973, ƙasashen Larabawa suka rufe musu famfo, har gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na ɗan lokaci. Daga nan aka fara zuba kuɗin gwamnati a hanyoyin keke. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a keke ne, tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye keke 12,500. Malamin da ke duba aikina farfesa ne, da keke yake zuwa, kuma yana da mota a gida. Abu biyun da suka tayar da su, tsadar mai da mutuwar yara a titi, wanne ne babu a Bauchi?

Sarkin Tsokana:
Ɗan Holan, a gaida farfesa. Ka gaya masa ya zo ya taka daga Gwallameji zuwa Railway da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, da azumi a bakinsa. Ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma ga sanyi. Shi kuma Injiniya ya gaya mana yadda ake hawa tudun Gombe da keke ba tare da an sauka an tura ba.

Injiniya Ɗan Gombe:
Ana turawa, ba ƙarya. Gombe a kwari take, fita ta wajen Tumfure sai mai ƙarfin cinya ko mai keken giya. Amma bar Holan, mu zo kusa. Wagadugu ta fi Bauchi zafi, ga ta cike da kekuna, manyan titunanta da yawa suna da gefen masu ƙafa biyu daban. Tamale a arewacin Gana ma haka, rana iri ɗaya da tamu, hanyar keke a gefen titi. Su ba fatar ƙarfe gare su ba.

Maganin rana inuwa ce. A tsohon tsari ba a yin titi sai an jera masa dogon yaro, ku dubi tsofaffin titunan Ji'ara. Yanzu in za a faɗaɗa hanya bishiya ce farkon abin da ke faɗuwa, kuma ba wanda ke tambayar ɗan kwangila ina madadinta. Nan Gombe ana dashen itatuwa a shirin gwamnatin jiha da ake kira 3G, amma a haɗa dashen da zanen titi cikin kwangila ɗaya, a riƙe wani kaso na kuɗin sai bishiyar ta shekara biyu a raye, wannan shi ne abin da nake so in gani daga Abuja.

Maman 'Yan Biyu:
Tun ɗazu maza ke ta magana, ba wanda ya tuna da mu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da nake gani a ɗakin haɗari ba zan iya rubuta shi a nan ba. Yaro ɗan shekara goma a keke, an aike shi sayen kati. Don haka kafin gefen keke ni gudu nake so a kashe. Motar da ta buge mutum tana gudun kilomita 30 a awa, galibi yana tashi. A 60 kuwa sai dai a yi wa iyaye ta'aziyya. Me ya sa titin da ya ratsa gaban firamare direba zai bi shi kamar yana dajin Yankari? Jama'ar unguwa su gaji su tara ƙasa su yi tudu da kansu, a zo a kwashe a ce ba a ba su izini ba.

Na biyu, 'ya'yana mata ne. Ko an shimfiɗa musu gefen keke da zinari, kakarsu ba za ta bari su hau ba, wai ba tarbiyya ba ce. To tsarin na rabin jama'a ne ke nan?

Ɗalibar Gubi:
Mama, ni a Maiduguri na yi sakandare. Tun da aka hana babur a can a 2011 kekuna suka cika gari, mu 'yan mata da hijabinmu da wandonmu muke takawa zuwa makaranta da islamiyya, ba wanda ya ce mana komai don kowa 'yarsa na ciki. Da na zo Bauchi na hau sau ɗaya, kallon da aka bi ni da shi ya sa na ajiye. Abin yawa ne. Ke kaɗai abin kallo ce, ku hamsin kuwa ba mai ɗaga kai.

A jihar Bihar ta Indiya gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, kuma yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru sosai, musamman waɗanda makaranta ta yi wa nisa. Ku tuna ƙauyukanmu da yarinya ke barin karatu don babbar sakandare na garin gaba. Kuma Mama, wanne ya fi, yarinya a kan kekenta ita kaɗai ko a bayan babur ɗin wanda ba ta sani ba?

Maman 'Yan Biyu:
'Yata, wannan tambayar taki ta ƙarshe zan kai wa kakarsu yadda kika faɗe ta. Amma sai na ga dakalin Injiniya da idona kafin in saki yarana a titi.

Mai Faci Na Ƙofar Ran:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ke rubuta mini. Shekara talatin ina wannan sana'a. Tun da mai ya tashi aiki ya ƙaru, har kekunan da suka shekara goma a rataye an sauko da su. Amma ku masu ilimi kun manta abu ɗaya: keken kansa ya fi ƙarfin talaka yanzu. Taya, tif, cen, boris, sifok, birki, ba abin da ake yi a nan, dukkansu da dala ake shigo da su. Wanda ke araha kuma tif ɗin kwana uku ya tsage a ɗinki, mai keke ya zo yana zagina. Na gwanjo sun fi sababbin ƙarko, su ma sun yi tsada.

In gwamnati da gaske take, ta cire kuɗin kwastan a kan keke da kayan gyaransa. Ta ba ma'aikata da ɗalibai bashi irin na zamanin Baba. Kuma a yi wurin ɗaure keke mai gadi a kasuwa da asibiti da sakatariya, don mutum uku a watan nan sun zo mini da kwaɗo a hannu, keken babu.

Baba Mai Ritaya:
Mai Faci ya fi mu duka magana. A dokar kuɗi ta 2020 an rage harajin shigo da motoci, ba a ji wanda ya ce gwamnati ta yi katsalandan ba. Bayan cire tallafi an fito da shirin mai da motoci masu amfani da gas, an ware masa kuɗi. Madalla. Amma duk wannan mai mota ake lallashi. Mutumin da bai taɓa mallakar ko taya ɗaya ta mota ba, wanda su ne mafi yawa a ƙasar nan, me aka ware masa? Ko layin dogon da ya iso Bauchi da Gombe har Maiduguri a farkon shekarun 1960, da yana aiki, da rabin tirelolin da ke tsorata Malam ba su shigo gari ba.

Alhajin Muda Lawal:
Baba, a nan muna tare. A dawo da jirgi, ni ma lodina zai yi sauƙi. Amma har yanzu akwai abin da ba ku taɓa ba. Mutumin nan da ya ce wa Malam "kai da keke", ba shi kaɗai ba ne. Ku je neman aure da keke ku gani. Ni kaina in na zo kasuwa a keke gobe, kafin la'asar an ce Alhaji ya karye, masu ba ni kaya bashi su fara kira. Wace doka ce za ta gyara wannan?

Malamin Yalwa:
Babu, Alhaji. Ni ma ɗalibaina sun yi mini dariya makon farko, wani har ya tambaye ni ko an sace babur ɗin ne. Amma raini yana bin inda hukuma ta sa kuɗinta. An yi gadar sama a Wunti, kowa ya san don wa aka yi ta. Ranar da mai mota zai zauna a cunkoso yana kallon mai keke na wucewa a inuwa ta gefen da ba shi da ikon shiga, zancen zai fara sauyawa. Ba na neman ka hau. Ka bar yaron shagonka ya isa da rai.

Sarkin Tsokana:
Alhaji ya saya wa yaron shago keke, mu kuma mu shaida. A cire a albashi kamar zamanin En'e.

Alhajin Muda Lawal:
Kai dai ba ka rabo da tsiya. Zan duba. Amma ba zai bi ta shataletalen Babbar Kasuwa da shi ba, ya zaga ta cikin unguwa.

Injiniya Ɗan Gombe:
Alhaji, ka ga ka zana hanyar keke da bakinka. Lungunan cikin ganuwa, daga Ƙofar Ran zuwa Jahun zuwa Nasarawa, mota ba ta gudu a cikinsu, in an gyara su aka haɗa bakinsu sun isa rabin aikin, kuma wannan na jiha da ƙaramar hukuma ne. Inda aka makale shi ne tsallaka manyan tituna, a nan ake buƙatar Abuja.

Malam, in da gaske kake, kada ka rubuta wa ɗan majalisarku doguwar wasiƙa a kan amfanin keke ga lafiya, ba zai karanta ba. Tambaya ɗaya za ka yi masa: a zanen sabuwar hanyar, daga inda ta shigo Bauchi zuwa inda ta fita, mita nawa aka bar wa wanda ba ya cikin mota? Ka ce ya nemo maka zanen yankan titin. In ya samo ka turo mini, zan karanta muku shi a nan.

Malamin Yalwa:
Na rubuta tambayar yadda ka faɗe ta, Injiniya. Maman 'Yan Biyu, in kin yarda zan ƙara maganar gudu a gaban makarantu. Mai Faci, tun faɗawar nan cikin kwata ƙafar gaba take rawa, birki na goga gefe ɗaya.

Mai Faci Na Ƙofar Ran:
Gargaren ne ya karkace, sifok biyu ko uku za a ɗaure. Kawo shi Asabar da safe kafin rana ta yi. Kada ka hau shi, turo shi za ka yi.